Kawu Ya Faɗi Sunansa

A shekarar da aka yi ta yaɗa hoton wani jagoran 'yan bindiga a waya, ana cewa a tura har sai an kama shi, ni ma na sa hannu. Aikin rediyo nake yi, kuma a ganina muryar wanda abin ya shafa kawai ta rage.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana noma a Tsibiri ta ƙasar Maradun, yana kuma kawo shanu kasuwar Talata Mafara. Yaran mutumin nan sun kore masa garke da rana tsaka, a kan idonsa. Ya yarda in ɗauki muryarsa a zaurenmu na Mafara. Babban ɗansa na gefe, shi ma yana ɗauka da wayarsa.

Kawu ba ya shiga magana sai ya gabatar da kansa. Ya yi sallama, ya gai da hakimi da liman, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, har da cewa gidansa ne ke jingine da masallaci. Na ƙyale shi, don na san zan yanke wannan, in sauya muryar.

Kafin in gama gyara, ɗan ya saki tasa yadda take. Na kira shi na ce ya cire.

"Yaya, in babu sunan Baba wa zai yarda? Kuma ni ne zan yanke wa tsoho gaisuwa?"

"Su ma suna da waya," na ce.

Ya cire, amma a ranar wani abokin aikina ya turo mini ita daga Bakura, yana yaba ƙarfin halin dattijon. Bai san kawuna ba ne.

Ranar wata kasuwa Kawu yana gidanmu, ya sayi irin gero zai koma shuka, sai maƙwabcinsa ya bugo waya. Mutum biyu a kan babur sun tsaya a bakin masallaci, sun tambayi gidan Kawu, sun dubi ƙofar, sun wuce. Ba su yi wa kowa barazana ba.

Mahaifiyata ta kwashe takalmansa ta kulle a ɗakinta.

"Yaya, ba ni takalmana. Ruwa ya sauka."

"Sai dai ka taka ƙaya har Maradun."

Ya juyo wurina. "Kai mai rediyo, mutanen ga da sunka ji ni, sun kama shi?"

"Ba a kama shi ba, Kawu."

"To mi sunka yi?"

"Sun tura wa wasu."

Ya daɗe yana kallon buhun irin. Daga nan ya ce wa ɗansa ya nemi mota, a kwaso iyali kafin la'asar, kada a tsaya ɗaukar kaya.

Ba a shuka gonar ba a daminar nan. Bakuna sun ƙaru a gidanmu, har wata safiya mahaifiyata ta kwance buhun ta kai niƙa. Kawu na zaune a zaure aka wuce da buhun.