Jar Motar Baba Sajo

Duk wanda ya zauna a unguwar Sintali ta Jalingo ya san Baba Sajo, ko bai san sunansa ba ya san tafiyarsa. Dogon dattijo ne siriri, kullum idonsa na ƙasa, in ya iso wuri sai ya daki ƙasar da dunduniya kafin ya yi sallama. Ba camfi ba ne, sabo ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa greda a aikin hanya, daga fadamun bakin Binuwai har kan duwatsun Mambila, don haka da ya taka wuri ya san ko marmara ce, ko laka, ko rairayin da zai haɗiye taya.

Da ya yi ritaya sai zama ya zame masa aiki. Ya gyara ƙofar gida har sau uku alhali lafiyarta lau. Matarsa Aisatu, mai injin markaɗe a zaure, ta ce in bai sami abin yi ba wata rana injin nata zai kwance ya kasa mayarwa.

Abin yin kuwa daga gidan maƙwabcinsa ya ɓullo. Malam Job tsohon hedimasta ne, katanga ɗaya ta raba su fiye da shekara ashirin, da Sallah yana cin naman Sajo, da Kirsimeti Sajo yana cin shinkafarsa. 'Yar Malam Job, Murna, ta zo hutu da iyalinta daga Yola, suka koma suka manta da wata motar wasa mai rimot, koriya, mai manyan tayoyi. Wata ranar Asabar Sajo ya shiga gaishe shi, ya tarar da dattijon a tsaye tsakar gida, tabarau a kan hanci, yana kora motar nan tana zagaya bishiyar gwaba.

"Ticha, lafiya kuwa? Da furfurarka?"

"Direba, kar ka yi magana tukuna. Karɓi ka gwada. Motan nan yana da wayo."

Shi Malam Job a bakinsa mota namiji ce, kuma ba mai iya gyara masa.

Sajo ya karɓi rimot ɗin don dai kar ya kunyata shi. Ya taɓa maɓallin totur, motar ta zabura, ya murɗa sitiyarin gefe, ta sha kwana. Yatsun da suka saba da sandunan greda suka gane abin tun kafin kansa ya gane. Bai mayar da rimot ɗin ba sai da batir ya mutu.

Kwana biyu yana juya maganar a ransa, sannan ya kira 'yarsa Mufida da ke aure a Kano, wadda ke saro kaya tana turawa garuruwa. Ya tambayi mijinta, ya tambayi zafin gari, ya tambayi lafiyar surukarta, sai can ya ce, "Wai ni kam, irin motocin nan na rimot, ana samunsu a wajenku?"

"Wa za a saya wa, Baba?"

"Wani mutum ne."

Ta yi dariya har sai da ya janye wayar daga kunne. Da yamma ta turo masa hotunan motoci uku, da bidiyon kowace, da muryar mai shagon yana bayani. Ta farko ja ce, gajera, cikinta kusan yana shafar ƙasa, tayoyinta sumul, an yi ta ne don kwalta da siminti, kuma a gudu ba ta da sa'a. Ta biyu doguwa ce irin ta Malam Job, tayoyinta masu haƙora, shokozobanta masu laushi, ita ce ta tsakuwa da yashi da gargada. Ta uku kuwa shuɗiya ce mai ja da ƙafa huɗu, ba ta sauri ko kaɗan, amma tana hawan duwatsu kamar ƙadangare.

Sati uku Sajo ya yi yana zaɓe. Bai taɓa ɗaukar wannan lokacin ba ko a sayen ragon layya. Ya fita ya bi layinsu daga farko har ƙarshe yana dukan ƙasa da dunduniya, ya dawo ya ce wa Aisatu, "Layin nan jar ƙasa ce da tsakuwa, ga zaizaya. Mota mai gajeren ciki ba za ta yi taku goma ba."

"To ka ɗauki doguwar mana."

"Doguwa kuma in ta shiga kwana da gudu kifewa take yi, nauyinta a sama yake."

"To shuɗiyar."

"Wannan ai greda ce aka rage wa girma."

Malam Job ma ya ba da tasa shawarar. Ya ce a Jalingo in ka sauka daga babban titi ka yi sallama da kwalta, don haka mai hankali doguwa zai saya. Sajo ya gyaɗa kai, ya ce gaskiya ne, shi da kansa ya fi kowa sanin haka. Aisatu dai tana zuba wake a injin ta ce, "Malam, ka daina wahalar da yarinyar nan. Jar za ka saya. Bidiyonta kawai kake kallo, har na haddace kukanta."

Haka kuwa aka yi. Da ya kira Mufida ya faɗa mata, ta ce, "Baba, mai shagon fa ya ce ba ta son rami."

"Na ji. Shekara talatin da ɗaya kowa yana wuce ni a hanya, Mufida. Masu keke sun wuce ni, masu jaki sun wuce ni, har wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta taɓa wuce ni a hawan dutse tana yi mini sannu. Ki turo jar."

Ranar da direban motar Kano ya kira cewa saƙo ya iso, Sajo ya sa babbar riga ya hau keke napep zuwa tasha, ya dawo rungume da kwali. Aka yi cajin batir, aka nufi tsakar gidan Malam Job, don shi ne mai daɓen siminti. Sajo ya ɗan taɓa totur kawai. Kafin ya ƙifta ido motar ta tsallake tsakar gidan ta daki duron ruwa, kaji suka watse. Wurin ya yi mata kaɗan. Suka fito layi, nan kuma ta yi abin da ya faɗa da bakinsa: ta hau wani ɗan dutse, cikinta ya zauna a kai, tayoyin suna ta juyawa a iska.

Washegari Malam Job ya zo da fuskar tausayi ya ce su je bakin kogin Mayo Gwoi, rani ne, ruwa ya janye, akwai fili shimfiɗe babu dutse ko ɗaya. Sajo ya san tarko ne. Ya san yashin kogin nan kamar tafin hannunsa. Amma an ƙalubalance shi a gaban Aisatu, sai ya ɗauki kwalinsa.

A bakin kogin masu ɗibar yashi suka jingina sheburansu suna kallon dattijai biyu suna ja layi da ƙafa. Aka ce ɗaya, biyu, uku. Koriyar Malam Job ta tafi tana watsa yashi baya. Jar ta yi ihu, ta tona wa kanta rami, ta nutse har rufi. Ɗaya daga cikin masu yashin, wanda ya taɓa aiki tare da Sajo, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, yau direban greda ya kafe! A kawo igiya!" Sajo ya yi dariya tare da su, amma ya wuni yana kakkaɓe yashi daga cikin motar da tsohon burushin haƙori.

Aisatu ce ta cece shi. Ta tuna masa cewa ƙaninta Maishanu yana da ƙaton daɓen siminti a garin Iware inda yake shanya shinkafa, kuma yanzu ba lokacin girbi ba ne. Sajo ya je ya gayyaci Malam Job da irin fuskar tausayin da aka zo masa da ita.

Maishanu ya tare su da "Jabbama," wato maraba da Fulfulde, ya kawo musu kindirmo, ya sa aka share daɓen tas, aka ajiye buhu biyu na ƙaiƙayi a matsayin kwana. Wannan karon da aka ce uku, jar ta fita kamar an harba kibiya. Ta kai buhun farko, Sajo ya sassauta, ya murɗa, ta lafe da ƙasa ta zagaye shi ba ta ko girgiza ba. Malam Job ya so ya bi ta da wannan gudun, koriyar ta ɗaga ƙafa biyu ta kife, tayoyi a sama. Sau huɗu ana sakewa, sau huɗu tana kifewa ko ta zame waje.

Sajo bai san yana tsalle ba sai da hularsa ta faɗi. Maishanu ya ce tunda yayarsa ta auri mutumin nan bai taɓa ganin duka haƙoransa a waje ba sai ranar.

"Ticha, yaya dai? Motan naka ba shi da wayo yau?"

"Wannan ba tsere ba ne," in ji Malam Job yana goge tabarau. "Ka kawo ni gidan surukanka ne."

A hanyar dawowa suka yi ta musu, har sauran fasinjoji suka rabu gida biyu. Amma dukansu sun san Iware ba wurin zuwa kullum ba ne, kuma da kaka ta yi shinkafa za ta karɓe daɓenta.

Bayan gidajensu akwai wani fili da mai shi, Alhaji Jamaluddeen, ya kewaye bai gina ba. Sajo ya je ya roƙe shi aro. Alhajin ya saurari bayanin har ƙarshe, ya sake tambaya don ya tabbatar ya ji daidai, sannan ya ce a yi, in dai za a riƙa nome masa ciyawa. Sajo ya fito da igiya da fegi da shebur da baro. Ya zuba marmara, ya yayyafa ruwa, ya daddaɓe da guntun ƙarfe mai nauyi, kowace kwana ya ɗan karkata ta ciki, ya haƙa 'yar lambatu a gefe. Malam Job yana tura baro yana kallo, sai a rana ta biyar ya ajiye ya riƙe ƙugu.

"Direba, na gane ka. Kwalta kake yi wa motanka."

"Hanya nake yi."

"To rabi nawa ne."

Suka kai ƙara wurin Aisatu. Ta kashe injin ta ce a raba daidai, kuma kowa ya bi rabin ɗan'uwansa, wanda ya ƙi ya koma gida. Sai aka bar rabin hanyar sumul kamar faranti, ɗaya rabin Malam Job ya cika shi da tsakuwa da tudu biyu da wani kwarin yashi da ya sa aka kawo masa daga Mayo Gwoi don tsokana. Sajo ya ɗan ɗaga cikin jar da wasu zobban roba, ya yanka tsohon tib ɗin keke ya naɗa wa tayoyin baya. Gudunta ya ragu kaɗan, amma ta koyi ratsa yashin da ƙyar.

Tun daga nan duk Asabar bayan la'asar filin yake cika. Suhail mai keke napep, wanda ya saba tsayawa kallo har fasinja su yi fushi, ya sayo tasa. Sista Mabel, nas ce da ke haya a ƙarshen layin, ta zo da wata baƙa mai matsakaicin tsayi wadda ba ta fi kowa gudu a ko'ina ba, ba ta kuma makalewa a ko'ina. Ita ce ke yawan cinye su. Sajo yakan wuce kowa a rabinsa da tazara mai yawa, ya shiga rabin Malam Job ya ga ana wuce shi ɗaya bayan ɗaya, yana ta yi wa motar magana da Fulfulde kamar mai lallashin saniya. A cikin tsere goma yakan ci uku. Mufida ta ce bari ta turo masa doguwar ya huta, ya ce useko, wato ya gode, amma a'a, batir na biyu dai yake so.

Asabar ɗin da ta wuce ma Mabel ce ta zo ta ɗaya, Sajo na biyu da tazarar da ba ta kai taku ɗaya ba. Ya rantse da ba don Malam Job ya ƙara yashi a ɓoye ba da shi ya ci. Malam Job ya ce a kawo Baibul da Alƙur'ani, bai ƙara ko cokali ba. Suhail ya ce shi ya ga baro a ƙofar Ticha ranar Alhamis. Ana cikin wannan sai Aisatu ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Malam, an kawo wuta."

Sajo ya bar maganar a tsakiya. Ya sunkuya ya ɗauki jar, ya hure mata ƙura, ya zare batir ɗin, ya nufi gida da sauri don ya sa shi a caji, yana cewa kowa ya tsaya inda yake, shari'ar ba ta ƙare ba.