Shirun La'asar a Tsakiyar Faifai

Ranar da har yau ba ta fita raina ba a aikin nan ita ce wata Alhamis cikin watan Disamba, a shekarata ta biyu a situdiyonmu na Al Aziziya. Kafin in zo Doha na daɗe ina jan wayoyi a wani gidan rediyo a Kaduna, don haka ina ganin babu abin da mawaƙa za su yi ya ba ni mamaki. Ashe da sauran kallo.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, ɗaki biyu ne da gilashi a tsakani. Makaɗa suna ciki, inda aka toshe ko'ina, ko tsawa aka yi ba za su ji ba. Ni ina waje gaban na'urar ɗaukar sauti, kusa da tagar da ke kallon masallacin unguwa. Kafilina, wato mai situdiyon da ya ɗauko ni aiki, Abu Fahad, doka ɗaya ya kafa mini: da ladan ya buɗe baki, in kunna jar fitila, in kashe na'ura, kiɗa ya tsaya. Ko bai faɗa ba, haka zan yi.

A lokacin wata ƙungiya ta mutum biyar ke haɗa faifansu na farko, dukkansu kuma ma'aikata ne da rana. Kiɗan Turawa na rok suke yi, amma irin mai dogon zango, wanda waƙa ɗaya takan ci sulusin awa tana ta sauya taki. Akwai Ramiro, ɗan Kolombiya, mai dogayen gangunan da ake bugawa da tafin hannu. Akwai Injiniya Auwal, Bakatsine, wanda ya shigo da gurminsa tsakiyar jita masu lantarki ba ko kunya. Da farko ciwon kai kiɗan yake sa ni. Na ce wa Injiniya, "Yallaɓai, wannan waƙa ce ko tafiyar Legas?" Ya ce, "Malam Sabi'u, bari kunnenka ya saba." Ya kuwa saba.

Babbar waƙar faifan ita ta gagara. Sun ƙi a ɗauke ta guntu-guntu a haɗa kamar yadda aka saba, sun ce sai su buga tare daga farko har ƙarshe. Ga shi kwantiragin Ramiro ya ƙare, jirginsa da asubar Juma'a. In ba a same ta a ranar ba, shi ke nan, faifan zai fita babu ita.

Ranar sun ɗauki hutun aiki, amma bayan salla wasu ne suka kama situdiyon. Na tsara mu gama kafin La'asar, wadda ke saurin yi a wannan wata. Sai tsirkiyar gurmi ta tsinke, gyaranta ya cinye mana lokaci. Da aka gama Ramiro ya ɗaga hannu ya ce, "Yalla, na ƙarshe!" Na dubi agogo, na ga da ƙyar ne.

Ban taɓa jin sun buga kamar wannan karon ba. Gurmi na kira, ganguna na amsawa. Sun ci fiye da rabi, sun iso wurin da kiɗan ke lafawa kafin ya sake tashi, sai ladan ya yi kabbara.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na kunna jar fitila. Na kai yatsa kan maɓallin kashe na'ura, sai na ga Ramiro ta cikin gilashi ya ɗora tafukansa a kan fatar ganga, ya girgiza mini kai a hankali. Duk sun tsaya cak, kowa da hannu a kan kayansa. Babu wanda ya yi tari. Kiɗa ya tsaya, manufar doka ta cika, sai na bar na'ura tana juyawa tana ɗaukar shiru. Ina hango leɓɓan Injiniya suna motsi yana amsa kiran salla, ya san abin da fitilar ke nufi. Ramiro kuwa, wanda ba Musulmi ba, kansa kawai ke kaɗawa, yana riƙe musu takin a zuci.

Ladan na gamawa na kashe fitila. Ramiro ya ɗaga gira, su biyar ɗin suka faɗo a kan bugu ɗaya, kamar ba su taɓa tsayawa ba. Suka kai ta ƙarshe kafin a ta da iƙama. Ni da Injiniya muka fita da gudu muka sami sahu.

Bayan an idar na ce musu zan yanke shirun in liƙe bakin biyu, aikin minti kaɗan ne. Ramiro ya ce, "La, la, habibi. Wannan ma mu muka buga shi." Da Abu Fahad ya ji bayani ya tambaye ni, "Kiran salla ya shiga ciki?" Na ce ko kaɗan. Ya ce, "Khalas, ku bar musu."

Haka faifan ya fita. Ramiro bai sake dawowa Doha ba, ƙungiyar ma ta watse. Masu saurare suna ta yaba hikimar wannan dogon shiru, ni dai na san La'asar ce.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, na ga hannunku na rawa wajen goge duk inda babu sauti. Ku riƙa tambaya tukuna. Ni sai ran nan na san cewa makaɗan kirki ko sun yi shiru tare suke, kuma mutumin da bai san alƙibla ba, shi ne ya girmama sallata ba tare da ya yar da waƙarsa ba.