Bindigar Dogo a Shagon Sai Gobe

Shekara ashirin da bakwai yana walda a lungun bayan tasha, kuma ba a taɓa jin ranar da ya ba mutum aikinsa a kan lokaci ba. Ƙofa sati shida, taga wata biyu, akwai kujerar da ta shekara a bakin shagonsa har kaza ta ƙyanƙyashe 'ya'ya bakwai a ƙarƙashinta. Shi ya sa kowa ke kiransa Sai Gobe, har matarsa.

Wata Talata da hantsi ɗan ƙanwarsa, Dogo, ya shigo da abu a naɗe cikin tsohuwar riga. Shekararsa ashirin da biyu. Tun da aka harbe abokinsa a gabansa wata biyar da suka wuce, barci ya ƙaurace masa, abinci sai an yi da gaske, kuma yakan ce yana jin maharban suna kiransa ta bayan bango.

"Kawu, kunamarta ce ta cije."

Sai Gobe ya warware rigar, ya ga bindiga ƙirar hannu. Nan take ya yi lissafi. Masu walda huɗu ne a layin. In ya kore shi, ɗayansu zai gyara masa kafin rana ta faɗi. In ya kira 'yan sanda, ƙanwarsa sai dai ta riƙa ganin ɗanta ta tsakanin ƙarafan kurkuku.

"Wane ragon ne ya ƙera wannan? Ko ɓera ba za ta firgita ba. Bar ta, ka dawo gobe."

Dogo ya dawo sau tara. Yau babu wuta, gobe ƙarfe bai huce ba, jibi tabarau ya ɓata. A zuwa na goma ya doki tebur.

"Kawu, wasa kake yi da ni?"

"Ni a wa? Aiki ne ya sha kaina. Tagogi goma sha ɗaya a asibiti, ga bayana ya riƙe. Ɗaukar min injin mu je mu gama, sai in taɓa taka."

Abin da Dogo bai sani ba, wata huɗu ke nan likitar ƙwaƙwalwa ta asibitin tana bin Sai Gobe a kan tagogin nan. Ya yi mata alkawarin farawa, in har za ta riƙa fitowa tana zama kusa da mai riƙe masa ƙarfe. Ranar farko Dogo ko kallo ba ta ishe shi ba. A taga ta huɗu ta tambaye shi sunan abokin nasa. A ta bakwai ya bi ta ofis, ya yi awa biyu, ya fito ido jawur da takardar magani a hannu. Sauran tagogi huɗun sai da suka ci wata biyu, likita kuwa ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba.

Wata rana da yamma Dogo yana zaune a shagon, ya fara murmurewa har yana cika rigarsa, ya ce, "Kawu, wancan abin, kar ka gyara. Na fasa."

"Ai tun ranar da ka kawo na gyara."

Dogo ya miƙe zumbur.

"Koma ka zauna, a kansa kake. Dubi ƙafar bencin ta hagu."

Ya sunkuya. Ga bututun bindigar nan an liƙe shi da walda, har an shafa masa koren fenti. Ya daɗe yana kallo, sannan ya jijjiga bencin.

"Kawu, ƙafar tana rawa."

"Ƙarfen ne na banza, tun farko na gaya maka. Miƙo min guduma."