Ajin da Na Nema Daga Madawa Har Keita

A shekarata ta uku a jami'a, can Yamai, malaminmu na fizik ya ce duk mai son aikin bincike ya je ya samo makarantar da za ta ara masa aji na wata ɗaya. Ya gwada wata dabarar koyarwa, ya rubuto abin da ya gani. Wanda aikinsa ya yi kyau, in ji shi, zai ɗauke shi su ci gaba tare.

Tawa dabarar daga rijiyar garinmu ta fito, kusa da Tamaske. Akwai icen da ke juyawa a bakinta, a kansa ake ɗora igiyar guga. Nauyin ruwan ba ya raguwa, amma kowa ya san jan ya fi sauƙi. Na so in tambayi ƴan makaranta dalili, da Hausa, a bakin rijiya, kafin a kai su gaban allo da Faransanci.

Damina ba ta yi ba a shekarar. Da aka buɗe makarantu na ɗauki wasiƙar malamin na sauka Madawa. Daraktan makarantar da na fara zuwa ya karanta ta a tsaye, ya miƙo mini.

"Ɗana, jarrabawa da Faransanci aka yin ta. Wa za ya tambaye su rijiya?"

Na ce wata ɗaya ne kacal. Ya ce in samo izni daga ofishin ilimi na Tawa. Kwana shida na yi a gidan wani ɗan garinmu ina jiran amsar takardar da na aika, ba ta zo ba.

Na hau motar kasuwa zuwa yankin Buza. Makarantar da na samu ba ta da malamin fizik, malamin lissafi ne ke karanta wa yara littafin. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "In shekara za ka yi, ga aji, ka raba ni da wahala. In wata guda ne, kada ka nuna musu abin da ba ni iya ci gaba da shi." Ban ga laifinsa ba.

A wajen Keita ne wani tsohon malami ya yarda, bai ko buɗe wasiƙar ba. Ranar farko yara talatin da wani abu na tarar. Washegari na kai su rijiya. Ruwa ya yi nisa ƙwarai, mata sun jera tuluna suna jira. Ina fara bayani, hannuna a kan igiya, wata tsohuwa ta kira ni da sunan da ake kiran malaman boko, ta ce, "Mushe, in ba ɗiba za ka yi ba, sakar mana igiya." Na sake ta. Muka koma aji.

Daga nan kullum sai benci ya ƙara zama wayam. Gidaje na tashi saboda fari, wasu Kwanni, wasu Sakkwato. Wata yarinya da ta ce mini jan igiya ƙasa ya fi sauƙi don jikin mutum na taya shi, ranar Litinin ba ta zo ba. A mako na uku mu tara ne har da ni da tsohon.

Na koma Yamai da shafi huɗu. Malamin ya duba ya ce wannan ba ya isa a kira shi bincike, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ɗauki wani ɗan ajinmu da ya yi nasa a cikin birni. Ni da na gama aka tura ni koyarwa, na yi ta karanta wa yara littafin shafi bayan shafi har na ajiye aiki.