Wanda Ya Riƙe Bututu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai gyaran famfo ne. Shekara talatin da huɗu ya yi a ma'aikatar ruwa, kuma a can babu mai kiransa da sunansa. Na-coci suke ce masa, don shi kaɗai ne Kirista a cikin 'yan gyara. Idan motarsu ta maƙale a laka, direba yakan juyo ya ce, "Na-coci, gwada mana irin taku addu'ar, ko ta fi sauri." Kawu ya ce, "Sauko ka tura tukuna, sai in ce amin."

Ranar Juma'a shi ke zama da aiki su tafi masallaci, ranar Lahadi su riƙe masa. Amma sunan yana da nauyi. Duk Kiristan da ya yi abin kunya, ko a wane gari ne, da safe shi za a tara a ce, "Ka ji abin da mutanenku suka yi?" A coci kuma wasu na ganin ya cika zama da waɗancan. Bai taɓa faɗa da kowa a kan wannan ba. Ya dai ce mini amsar tambaya ta fi haƙa rami gajiyarwa.

Da na dawo daga karatu bayan shekara tara, na tarar ya yi ritaya, gwiwa ta hana shi tsugunno, matarsa kuma, wadda muke kira Inna, ta rasu. Na kuma tarar da sabon Fasto, matashi mai son tsari. Maƙabartar ikkilisiya ta kusa cika, sai dattawa suka yanke cewa daga yanzu wanda sunansa ke cikin rajista kaɗai za a binne a ciki. Shiga rajista kuwa sai da katin baftisma. Da yake na iya kwamfuta, ni aka ba aikin shigar da sunaye.

Mako uku ana kawo kati, wasu sun yage, wasu gara ta ci gefensu. Na Kawu bai zo ba. Na san akwai fili ɗaya da aka bari kusa da kabarin Inna, na kuma san duk Asabar yana zuwa ya cire ciyawar wurin. Saboda haka wata rana da la'asar na je ɗakinsa.

Yana zaune a bakin gado, ya baza sifanoni a kan buhu yana goge su da tsumma, kamar gobe za a kira shi aiki. A kan akwatin ƙarfe akwai Littafi Mai Tsarki na Inna, katinta na leƙowa daga ciki.

"Ɗan boko, an zo kama ni ke nan?"

"Kati kawai, Kawu. In ya ɓata, Sakataren coci ya ce a kawo shaidu biyu."

"Shaidu kam akwai. Ashirin ma za ka samu." Ya ajiye tsumman. "Sai dai duk ƙarya za su yi, ba su sani ba."

Ga yadda abin ya faru. Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, shi da Inna suna cikin mutum ashirin da uku da za a yi wa baftisma a kwarmin simintin da ke bayan coci. Fasto na lokacin daga wani gari yake zuwa, sau ɗaya a shekara, kuma motar komawarsa ba ta jira. An tsoma mutum biyu sai bututun da ke fitar da ruwa ta ƙasa ya tsage. Ruwa ya fara gudu. Kawu ya fice daga layi, ya zagaya baya, ya kwanta cikin laka ya naɗe tsagar da rigarsa, ya danne da hannu biyu.

"Ina jin waƙa ta bango," in ji shi. "Ina ƙirgawa. Na ji an kira Innarku. Na ce bari a ƙara ɗaya in saki. In na saki kuma ruwan zai ƙare kafin a kai ga na baya."

Da aka gama ya fito, jiƙe sharkaf tun daga kai har ƙafa, Fasto ya riga ya nufi tasha. Mata suka rufe shi da guɗa, dattawa suka riƙa ba shi hannu. Inna ta rungume shi tana kuka. Kowa ya ga ruwa a jikinsa, babu wanda ya tambayi ko wane ruwa ne. Da katuna suka iso babu nasa, aka ce kuskuren marubuci ne, za a gyara. Ba a gyara ba, aka manta.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"A ranar, kunya ce ta hana ni. Shekara ta zagayo, na riga na ci Jibin Ubangiji, da sai mai baftisma ke ci, sau goma sha biyu. Sai in tashi in ce me? Daga nan kuma kowace shekara ta fi ta baya wuya." Ya shafa gwiwarsa. "A wurin aiki ana ce mini Na-coci, ina amsawa. Wani lokaci in ce a raina, da kun san ko a cocin ma ban gama shiga ba."

"Inna ta sani?"

Ya dubi littafin. "Ita ce za a kwantar da ni kusa da ita. Ba zan je mata da shaidun ƙarya ba."

Ni na raka shi zaman dattawa. Ya faɗi komai a tsaye, bai ƙara ba bai rage ba. Shugabar zumuntar mata, tsohuwar da aka yi wa baftisma a wannan ranar, ta buga sandarta a ƙasa.

"Ni na gan shi a jiƙe da idona!"

"Ruwan bututu ne, Yaya," in ji Kawu.

"To daga ina ruwan bututun ya fito? Ba wanda aka yi wa addu'a ba ne? Mu sau ɗaya aka tsoma mu. Shi awa guda yana ciki!"

Aka yi dariya, har da Fasto, amma bai sauya ba. Ya ce ba ya shakkar bangaskiyar Kawu, sai dai ba zai rubuta abin da ba a yi ba. Akwai ajin masu shirin baftisma, wata huɗu, duk Laraba. Sakatare ya ce ko a ɗauke wa dattijo ajin. Kawu ya ce a'a, ya gaji da abin da aka ɗauke masa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ranar, a sa shi farko.

Wata huɗu yana jan ƙafa zuwa ajin, yana zama a bencin baya, ana koya masa abin da shi ya koya wa iyayen malamar ajin. Na taɓa tambayarsa, a ganinsa, shekarun nan arba'in da ɗaya shi mene ne. 

"Ku da kuka yi karatu ku faɗa mini. Ni dai Ubangiji nake kira in abu ya dame ni. Ban san wani ba."

Ranar ta zo. Mutum biyu suka riƙe shi ya sauka matakala uku na kwarmin. Fasto ya tsoma shi ya ɗago. Shugabar mata ta yi guɗa ita kaɗai. Na miƙa masa tawul, na ce yaya yake ji.

"Sanyi," ya ce.

Sai ya tsaya, ya karkata kai yana saurare. Ni ban ji komai ba sai waƙa. Ya miƙo mini tawul ɗin ya zagaya bayan bango yana ɗingishi, na bi shi. Bututun na ɗiga ta mahaɗa, kaɗan-kaɗan, ba abin da zai hana a gama ba. Na faɗa masa haka. Bai kula ni ba. Ya jingina da bango, ya sauka a hankali har ya zauna, ya damƙe wurin.

"Saura nawa?"

"Sha ɗaya, Kawu."

"To je ka rubuta sunana kafin ka manta."

Da yamma na shigar da shi, lamba ɗari biyu da shida. Katin kuwa, Kawu ya sa shi cikin littafin Inna, a bayan nata. Ranar Asabar ya ce in zo in raka shi cire ciyawa, don gwiwar ta ƙi.