Ƙusoshi takwas a kafet ɗin Inna

Shekarun baya, lokacin ina koyar da fizik a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garuwa, kunnen mahaifina ya fara nauyi. Ba kurmancewa ya yi ba. Yana jin ana magana, kalmomin ne suke cakuɗe masa, musamman idan muryar mai kauri ce. Mu 'yan gida muka koyi yi masa magana a hankali muna kallon fuskarsa. Kaset ne kawai ba zai iya yi masa wannan alfarmar ba.

Yana da akwati guda cike da kaset-kaset na karatun yayansa, wanda ya rasu tun ina firamare. Malami ne da yake karantar da 'yan kasuwa a zauren gidanmu bayan la'asar, da Hausa, in ya hango Bafulatani a cikin jama'a ya juya masa da Fulatanci. Mahaifina ne mai danna rikoda a lokacin. Tun da ya daina fita kasuwa, sauraren kaset ɗin nan ya zama aikinsa na yamma.

Ƙanena da ke Duwala ya ji labarin kunnen, sai ya aiko da lasifika biyu 'yan gwanjo, irin dogayen nan da muke ce wa bafil. Kowace ta kai min ƙirji, ga nauyi kamar buhun siminti. Muka jingina su a kusurwoyin falo, a kan kafet mai kauri da mahaifiyata ta saya da guminta take kuma ji da shi. Ƙara kam ta samu, har gilashin taga yana rawa. Amma da na tambayi mahaifina, sai ya ce, "Uwata, ina jin Yaya yana magana, amma kamar daga cikin rijiya." Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Wata rana zai tashi alwala, ya dafa ɗaya daga cikinsu. Da ma tsayuwarsu a kan laushin kafet ɗin ba ta da tabbas, da yatsa ma kana iya girgiza su. Ta karkato, ya yi baya ya zauna daɓas a kujera, ita kuma ta faɗi a gefen ƙafarsa. Tazarar ba ta kai taƙi ɗaya ba.

Mahaifiyata ta ce a fitar mata da su a ranar. Mahaifina bai yi musu ba. Abin da ya faɗa ne ya tsaya min a rai: "A fitar, Uwata. Kaset ɗin ma ki ba ɗaliban Yaya, su da kunnensu ke aiki. Ni na ji rabona."

Na roƙi Inna mako ɗaya. Ta ce, "Mako ɗaya. Kuma kafin nan a kwance za su zauna."

Da muka kwantar da su ne na ga ramuka huɗu a gindin kowace, irin waɗanda ake murɗa ƙusa a ciki. Na kira ƙanena. Ya ce, "Ai akwai wasu ƙarafa masu tsini a leda da suka zo da su. Na ɗauka tarkace ne, na zubar." Na bincika a waya, na gane amfaninsu. Ƙafafu ne masu tsini, suna ratsa kafet su taka siminti, sai lasifikar ta tsaya a ƙasa mai tauri ta daina lilo. Ni da nake tsayawa gaban allo ina bayanin yadda sauti yake tafiya, sai da mahaifina ya kusa karyewa na duba gindin lasifika.

Na zagaye shagunan kayan sauti na babbar kasuwa, babu wanda ya taɓa ganin irinsu. Na zana su a takarda da awo, na hau moto, wato babur ɗin haya, zuwa wajen masu walda. Na farko ya duba zanen, ya tambaye ni da Fulatanci ko mijina ya san abin da nake shirin yi masa. Duk shagon aka kwashe da dariya. Na karɓi takardata na yi gaba. Na biyu ya ce zai liƙa min ƙusa a jikin farantin ƙarfe, na ce ba haka nake so ba, dole kowace ta murɗu don a iya daidaita tsayinta. A rana ta uku aka kwatanta min wani dattijo mai injin feƙe ƙarfe, wanda yake yi wa motocin ɗaukar auduga ƙananan kaya. Shi bai yi dariya ba. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, "Malama, guda nawa?" Na ce takwas, kowace da notinta.

Saura Inna. Da ta ga tsinin sai ta ce, "Wato ba faɗuwa kaɗai ba, har huda min kafet za a yi."

Na ɗauko allura na soka a gefen zanenta, na zare. "Inna, ina ramin? Tsakanin zare take bi."

"Allura ba ta ɗauke da buhun siminti a ka," in ji ta. Amma ba ta hana ba.

Muka murɗa su ni da mijina, muka tayar da lasifikar, na tura ta da yatsa. Ta yi lilo fiye da da. Ashe akwai soso da Inna ta sa aka shimfiɗa a ƙarƙashin kafet ɗin, ni kuma kaurin kafet kawai na auna. Tsinin ya tsaya a cikin soso bai kai ƙasa ba. Da ɗalibina ne ya yi wannan awon, da jan biro zan zagaye masa. Mijina ya ce a hankali, "Ko dai mu haƙura? Baba da kansa ya ce a bari." Na ce saura kwana biyu a makona.

Na koma wajen dattijon da tsakar rana, cikin zafin nan na Garuwa da kujerar moto take ƙona mutum ta cikin zane. Na gaya masa kuskuren nawa ne. Ya ce, "Wanda ya zo ya ce kuskurensa ne, ba na sa shi jira." Ya ajiye aikin da ke hannunsa ya feƙe min wasu takwas masu tsawo ina zaune.

Washegari mijina yana wajen aiki, ni kuma ba zan iya jira ba. Ina kokawa da lasifikar ni kaɗai, har tsini ɗaya ya yanke ni a tafin hannu, sai na ji an riƙe ta ta sama. Inna ce. "Ɗaure hannun tukuna, kar ki ɗiga min jini," ta ce. Muka tayar da ita tare, na danna da dukkan nauyina, na ji tsinin ya ratsa ya taɓa siminti, ƙyas. Na kwanta rub da ciki da sifana ina murɗa noti ɗaya bayan ɗaya, Inna tana girgizawa daga sama tana cewa, "Da saura ta nan." Har ta jingina da ƙarfinta, lasifikar ba ta motsa ba. Muka yi wa ɗayar ma haka. Na kuma janyo su daga kusurwa, na juyo fuskarsu wajen kujerar mahaifina, na rage rugugin daga jikin na'urar da ke juya kaset ɗin.

Bayan la'asar na sa kaset. Mahaifina ya zauna don kada in ji ba daɗi, na ga hakan a fuskarsa. Can sai ya ɗaga hannu. "Mayar baya kaɗan."

Na mayar. A cikin kaset ɗin wani saurayi ya katse karatu da tambaya, sai malamin ya ce, "Kai da aka ba ka rikoda ka riƙe, ka bari in kai aya mana." Jama'a suka yi dariya.

Mahaifina ya yi dariya tare da su, sannan ya share ido da gefen rawaninsa. "Ni ne wannan," ya ce. "Na ɗauka ba zan ƙara jin Yaya ya yi min faɗa ba." Inna ta tashi ta shiga ɗaki.

Ya ƙara shekara uku yana sauraren karatun nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Wani abokin aikina ya taɓa ce min janyo su daga kusurwa da rage rugugin ne suka gyara sautin, ƙusoshin tsayuwa kawai suka ba su. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne, ban yi masa gardama ba. Abin da na sani, ba don sun tsaya daram ba da tuni suna waje.

Abin da ya zauna min daga wannan makon ba na fizik ba ne. Na gane cewa idan dattijo ya ce "a bari, ba komai", sau da yawa ba son abin ya daina ba, wahalar da mu ce ba ya so. Tun daga nan ba na karɓar wannan maganar a karon farko. Yanzu haka Inna ta dage idonta lafiya lau, alhali jiya na ga tana laluben kofin da ke gabanta. Na riga na karɓo mata kati a wajen likitan ido. Ta ce ba za ta je ba. Ranar Litinin za mu.