Sirrin Kamfani a Silin Ɗakin Asabe

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da Manajanmu ya kwanta rigingine a kan gadon matata a Panshekara ba, ina tura gadon yana kai, ita kuma tana ba shi umarni daga bayan katanga. Ku da kuka zo aiki bayanmu kun sha jin labarin a bakin mutane, kowa da abin da yake ƙarawa. Ga yadda aka yi.

Sunana Tanko. Ban yi boko ba. Na shigo Kano shekarar da aka yi fari, da buhu ɗaya a kai. Na yi dako, na yi gadi, daga baya na samu aikin masinja a wata masaƙar atamfa a Challawa. Aikin masinja shi ne a aike ka ka je, a ce ɗauka ka ɗauka, kada ka tambayi dalili.

A masaƙar atamfa, abin da ya fi injuna daraja shi ne haɗin launi. Kowane zane yana da katinsa. Kwali ne mai kauri, faɗinsa kamar tafin hannu biyu. A jiki an rubuta lambar zanen da awon kowane garin rini da za a zuba, an kuma maƙala ɗan ƙyallen atamfar a gefe don a ga yadda launin zai fito. In babu katin, ko Foman ɗin rini, shugaban masu haɗa launi, sai dai ya yi lalube. Kuskuren cokali ɗaya, ja ya koma ruwan goro, 'yan kasuwa su dawo maka da kayanka. Katunan nan kabad guda suka cika, tun daga buɗe masaƙar ake tara su.

Wajen tsakiyar shekarun tamanin kamfani ya sayo kwamfuta. Aka ware mata ɗaki, aka sa mata na'urar sanyi da labule. Mu muna gumi a waje, ita tana shan iska. Aka ɗauko mai kula da ita, Injiniya Bala, mutum mai gilashi da haƙuri. Wata uku akawu biyu suna kwafe katunan suna zuba mata. Abin da ta haddace kuma ana juye shi a wani faifai baƙi mai laushi da yake cikin 'yar rigar takarda.

Injiniya Bala ya tsara doka. Duk Juma'a za a juye faifai biyu. Ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya a kai shi sito na kamfani a Bompai, don in wani abu ya sami na nan, na can yana nan. Ni aka ba aikin kaiwa.

"Malam Tanko, kada ka lanƙwasa shi. Kada ka bar shi a rana. Kada ka ajiye shi kusa da rediyo."

Na ce to.

Juma'a biyu na kai. Ta uku Manaja, Alhaji Sabo, ya tare ni a bakin get, ambulan ɗin faifan yana hannuna. Ya tambayi mene ne, na faɗa masa. Ya sa aka kira Injiniya.

"Wato duk sirrin kamfanin nan yana aljihun Tanko, a motar haya, yana ratsa Kano?"

"Ranka ya daɗe, amfanin kwafi ke nan, ya kwana a wani wuri daban."

"Zai kwana a inda idona yake ganinsa."

Daga ranar faifan biyu suka koma durowar teburin da kwamfutar take kai. A ranar kuma Manaja ya tuna da katunan. Ya ce tunda inji ya haddace, a ƙone su, kada su faɗa hannun wata masaƙa. Injiniya ya buɗe baki, Manaja ya ɗaga masa hannu. Aka ce Tanko ya ƙone.

Na loda su a baro na kai bayan ɗakin tukunyar tururi. Na ɗauki ɗaya na lanƙwasa. Kwali ne mai kyau. Ɗakina kuwa kwano ne tsirara, ba sili. Da bazara in ka shiga da rana sai ka ji kamar an kifa maka tukunya. Asabe, matata, ta yi maganar har ta gaji ta daina.

Na tara tsummoki da tsofaffin jaridu na cinna musu wuta, hayaƙi ya tashi yadda za a gani daga tagar Manaja. Katunan na ɓoye. A lokacin ana barin ma'aikaci ya fita da buhun ƙyallayen da aka yar, maigadi ya taɓa saman buhun ya ce wuce. A ƙarƙashin ƙyallayen na fitar da su, kaɗan kaɗan. Sata ce. Ban taɓa kiran ta da wani suna ba.

Na kafa sanduna a ƙarƙashin kwanon, na ja waya, muka ɗinke katunan muka bi su da sitaci. Ni dai farin bayan katunan na so ya kalli ƙasa. Asabe ta ce a'a, fuskar mai ƙyalle za ta kalli ƙasa, kuma ita za ta jera. Jajaye ta kai gabas, shuɗɗa saman gado, koraye bakin ƙofa. Da sama ta cika, ragowar suka sauko bango. Ɗaki ya yi sanyi, ya yi kyau. Matan unguwa suka riƙa zuwa kallo. Rubutun da yake jiki bai dami kowa ba. Ba mai iya karanta shi, har ni.

Bayan wata takwas, saura sati biyar Sallah, lokacin da masaƙa ba ta numfashi saboda oda, na'urar sanyin nan ta yi tartsatsi ta kama labule. Ranar Juma'a ce, manya ba su dawo daga masallaci ba. Ni da masu gadi biyu da wasu lebura muka ga hayaƙi. Muka ɓalle ƙofa.

Ni na fara watsa bokiti. Ruwan da ya fi kusa na wankin rini ne, shuɗi. Na bayana suka ga na watsa, su ma suka watsa. Wani ya kawo yashi. Ba mu tsaya ba sai da muka tabbatar ko ashana ba za ta kama a ɗakin ba.

Wutar dai rabin labule kawai ta ci. Sauran aikin namu ne.

Injiniya Bala ya dawo da dardumarsa a kafaɗa. Ya tsaya ya kalli kwamfutar, ruwa yana fita ta bakinta. Ya jawo durowa. Faifan biyu suna iyo a cikin shuɗi, yashi ya kwanta a kansu. Ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar.

"Sannunku da ƙoƙari," in ji shi.

Ya shanya faifan, ya kai su wani ofis mai irin injinmu aka gwada. Faifan ba su ce komai ba. Foman ɗin rini ya ce yana da wasu haɗe-haɗen a ka. Aka ba shi dama. Bandir na farko ya fito da launin da har yau ba a sa masa suna ba.

Ranar Litinin Manaja ya tara mu. Ya ce in sati ya ƙare ba mafita, za a rufe sashen rini, odar Sallah ta tafi wata masaƙa, ma'aikatan su zauna a gida sai an neme su. Kowa ya san ma'anar sai an neme ka. Rabin mutanen sashen nan maƙwabtana ne. Da su nake sallah, 'ya'yansu a ƙofata suke wasa.

Ni kuma na san abin da ake yi wa wanda ya fitar da takardar kamfani. Kora ce, in an so a haɗa da 'yan sanda. Na taɓa rasa komai sau ɗaya, ban yi marmarin na biyu ba. Na yi shiru kwana biyu.

Ranar Laraba da yamma ina kishingiɗe, Asabe ta ce, "Malam, tun shekaranjiya kake harar silin nan. Me ya yi maka?"

Na gaya mata. Ta ɗaga kai ta kalli sama, ta daɗe.

"Je ka faɗa musu. Amma ka gaya musu ba mai cire min ko ɗaya."

Da safe na shiga ofishin Manaja. Injiniya yana ciki, ya yi tagumi.

"Ranka ya daɗe, katunan nan."

"Waɗanne?"

"Waɗanda kuka ce in ƙona."

"Tanko, fita. Kada ka tuna min."

"Ban ƙona ba."

Ya ajiye biro. "Hayaƙin da na gani fa?"

"Tsumma ne."

"Suna ina?"

"A ɗakin matata."

Injiniya ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

"Ka san wannan sata ce?" in ji Manaja.

"Na sani."

"Ka san hukuncinta?"

"Na sani."

"Shiga mota."

Gidan matar aure ba a faɗa masa haka kawai, ko kai wane ne. Na bar su a zaure na shiga. Asabe ta yaye zanin gadonta, ta rufe kwanukanta, ta koma gidan maƙwabta, ta zauna jikin katangar da take daf da tagarmu. Sannan na ce su shigo.

Manaja ya cire takalmi ya shiga. Ya ɗaga kai, hularsa ta faɗi, bai ɗauka ba. Can ya ce, "A sauke su duka, a zuba a mota."

Murya ta zo daga bayan katanga. Ba da shi take magana ba, da ni take.

"Malam, gaya wa baƙonka ina gaishe shi. Ka ce masa wata biyu na yi ina jera su."

"Ranka ya daɗe, tana gaishe ku. Ta ce..."

"Na ji ta, Tanko."

Injiniya ya hau kujera ya gwada ɓamɓarar ɗaya. Sitacin ya riƙe, rabin rubutun ya tafi. Ya sauko ya ce dole a kwafe su a inda suke. Sai wata matsala. Yawancin katunan Manaja ne ya rubuta su da hannunsa, lokacin yana ƙaramin akawu a sashen rini, kuma yanzu da sitaci ya dusashe rubutun, ba mai iya bambance bakwai ɗinsa da ɗayansa sai shi. Ya tsaya yana karantawa, bai yi katin goma ba wuyansa ya sage.

Gadon Asabe na ƙarfe ne, mai tsawo, katifa uku. Na ƙara masa bulo da katako a ƙarƙashin katifun. Manaja ya kalle shi, ya kalle ni. Ya tuɓe babbar riga ya hau. Yana kwance yana karantawa, Injiniya yana zaune a tabarma yana rubutawa. In an gama wuri, sai ya ce, "Tanko, tura ni gabas." In tura.

Odar Sallah ake so a fara fitarwa, kuma katunan ba bisa lamba aka jera su ba. Manaja ya yi ta zare ido yana neman wani zane, ya rasa.

"Akwai wani mai ganyen rogo, ja da ruwan ƙwai," in ji shi.

"Malam, ce masa yana kusurwar da nake ajiye fitila, layi na uku daga bango. Akwai ɗan'uwansa mai duhu a gefensa, kada ya ɗauki wancan."

Na tura gadon. Yana wurin. Injiniya ya ce ko kwamfutar ba ta nemowa da sauri haka. Kafin azahar Manaja ya daina bi ta kaina. Sai ka ji ya ce, "Uwargida, mai tsuntsu fa?" Ita kuma ba ta fasa ba: "Malam, ce masa yana saman kansa, ya buɗe ido."

Kwana uku muka yi. Duk abin da aka kwafe da safe, direba ya kai masaƙa kafin la'asar. Ranar Asabar tukwanen rini suka tashi. Ba wanda aka tura gida.

Sati na gaba aka kira ni ofis. Akawu ya karanta min takardar gargaɗi, cewa na fitar da kayan kamfani ba izini, in na sake kora ce. Na dangwala yatsa. Sai Manaja ya ce yanzu tunda an kwafe, a je a sauke katunan a ƙone su da gaske, kuma shi zai tsaya a kan wutar.

Injiniya Bala ya ce, "Ranka ya daɗe, in sabon inji ya zo, faifai ɗaya a nan, ɗaya a Bompai. Na uku kuma yana Panshekara, an riga an jera shi, har da mai gadinsa."

Manaja ya shafa wuyansa, don bai gama warwarewa ba.

"Tanko, kwanon ɗakin nan yana yoyo?"

"Kaɗan, ta wajen korayen."

Washegari kafintan kamfani ya zo da sabon kwano. Daga shekarar, duk kafin damina sai ya zo ya duba rufina, har na bar aiki. Manaja ya aiko da doka cewa kada a ƙara shiga da wuta ɗakin. Asabe ta ce in gaya masa tana gaishe shi, ta ci gaba da turarenta.

Na koma kai faifai Bompai duk Juma'a. Injiniya ya ƙara wata doka: duk wata sai in dawo da na can, ya sa a inji ya ga ko yana magana, sannan in mayar.

Abin da na koya bai da yawa. Manya ɓarawo suke tsoro, shi ya sa suke tara komai a ƙarƙashin idonsu. Ba sa tuna ruwa, ba sa tuna wuta, ba sa tuna mutanen kirki masu son taimako. Abu biyu da suke ɗaki ɗaya, abu ɗaya ne.

Yanzu ku kuna da injuna a aljihu. In na ji wani a cikinku ya ce kada a damu, komai yana ajiye, ba na tambayarsa irin injin. Sai in ce ya nuna min inda ya ajiye, da inda ya ajiye na biyun. In wuri ɗaya ya nuna min, tambaya ɗaya nake yi masa: in na shigo da bokitina fa?